Miladiyya ko Hijiriyya: da wace shekara ya kamata a rubuta haya, albashi da bashi?

Mai shago a Babbar Kasuwar Katsina da zai ba da hayarsa, da shugaban makarantar Islamiyya a Daura da zai yanka wa malamai albashi, da wanda zai ba ɗan'uwansa rancen jari, duk sukan rubuta a takarda cewa yarjejeniyar ta shekara ɗaya ce ko biyu, ba tare da sun fayyace wace shekara suke nufi ba. Alhali kuwa a garuruwanmu shekara iri biyu ke tafiya tare. Akwai ta Miladiyya, wadda ofisoshi da bankuna da makarantun boko suke aiki da ita, akwai kuma ta Hijiriyya, wadda azumi da Sallah da zakka da Sallar Gani suke bi. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma kowace tana da hanyarta ta samun ƙarin kwana ɗaya lokaci-lokaci domin lissafinta ya daidaita da abin da ke faruwa a sama. Shekarar da ta sami wannan ƙari malaman hisabi suna kiranta kabisa, wadda ba ta samu ba kuwa basiɗa.

Hankalin mutane ya fi tafiya ga 29 ga Fabrairu, domin ita ce ake gani a kalanda sau ɗaya cikin shekara huɗu. A ganina wannan kwana ɗaya shi ne mafi ƙanƙantar abin damuwa. Inda kuɗi da haƙƙi suke salwanta shi ne kwana goma sha ɗaya da ke tsakanin shekarun biyu, da kuma rashin sanin ranar da wa'adi zai cika.

Ma'aunin da za a duba

Na farko shi ne tsada, wato nawa zaɓin zai ƙara wa mai biya ko ya rage wa mai karɓa. Domin a gani a fili, zan riƙa misali da shagon da hayarsa Naira 600,000 ce a shekara, da kuma ma'aikacin da ke karɓar Naira 70,000 a wata, wanda shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a 2024. Na biyu shi ne dorewa: shin lissafin zai ci gaba da zama daidai bayan shekaru masu yawa, kuma zai tsaya tare da damina da rani ko zai riƙa zamewa? Na uku shi ne sauƙi, kuma tambayar a nan guda ce, ko ɓangarorin biyu za su iya sanin ranar ƙarshe tun ranar da suka sa hannu. Na huɗu shi ne haɗari, wato ƙofar gardama da zaɓin ke buɗewa, da matsayinsa idan magana ta kai gaban alƙali ko gaban malamai. Alƙur'ani a aya ta 282 ta Suratul Baƙara ya yi umarni da rubuta bashi zuwa ajali ambatacce, saboda haka ajalin da kowa ke ƙirga shi da nasa lissafi bai cika manufar rubutun ba.

Shekarar Miladiyya

Wannan shekara rana take bi. Daga shigar wani yanayi zuwa dawowarsa ana samun kwana 365 da awa 5 da minti 48 da kusan daƙiƙa 45. Tun da ba a iya rubuta rubu'in kwana a kalanda, sai a bar waɗannan awoyi su taru, idan sun kusa cika kwana guda a shekara ta huɗu a ɗora shi a kan Fabrairu. Juliyas Kaisar na Rum ne ya kafa wannan tsari, ya fara aiki shekara 45 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sai dai abin da ke taruwa a shekara huɗu awa 23 ne da minti 15, ana kuma ƙara awa 24 cur, don haka kowace shekara ana yin rarar kusan minti 11, wadda ke zama kwana ɗaya cikin kimanin shekara 128.

Kafin ƙarni na 16 rarar ta kai kwana goma, har ta rikita lissafin bikin Ista na Kiristoci. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya yi gyara iri biyu. Ya sa aka tsallake kwana goma, aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba aka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba, sannan ya sa ƙa'idar da ake bi har yau: duk shekarar da 4 ke raba ta ba saura kabisa ce, amma shekarar cikar ƙarni ba ta zama kabisa sai idan 400 na raba ta. Shi ya sa 1900 ba ta sami 29 ga Fabrairu ba, 2000 ta samu, 2100 kuma ba za ta samu ba. Birtaniya ba ta karɓi gyaran ba sai 1752, lokacin da ta tsallake kwana 11 a watan Satumba, kuma ta hannunta wannan kalanda ta zama ta aikin gwamnati a ƙasarmu. Rasha sai 1918.

Ta fuskar dorewa babu abin da za a ce. Cikin kowace shekara 400 akwai kabisa 97, jimillar kwanaki 146,097, kuma kuskuren da ya rage bai cika kwana ɗaya sai bayan fiye da shekara 3,000. Agusta za ta ci gaba da zama tsakiyar damina a Katsina, Janairu kuma lokacin hunturu.

Ta fuskar tsada, hayar Naira 600,000 tana kamawa kusan Naira 1,644 a kwana a shekara mai kwana 365, da kusan Naira 1,639 a mai kwana 366. Abin da mai shago ya yafe a shekarar kabisa ke nan, hayar kwana ɗaya cikin shekara huɗu. Mai albashin wata yana karɓar abu ɗaya ko Fabrairu ta yi 28 ko ta yi 29, lebura mai karɓar kuɗin yini kuwa shi ne ke cin moriyar ranar kai tsaye.

Sauƙinta shi ne babban abin da ke jawo mutane. Yau za ka iya rubuta ranar ƙarewar haya ta shekara goma, har da sunan ranar, domin shekara basiɗa tana tura ranar mako gaba da ɗaya, kabisa kuma da biyu. Ranar 29 ga Fabrairu 2024 Alhamis ce, ta 2028 za ta kasance Talata. Haɗarinta kaɗan ne, kuma dokar fassarar dokoki ta tarayya ta bayyana cewa idan aka ce "wata" a dokokin tarayya, watan kalandar Miladiyya ake nufi. Wuri biyu kawai ke buƙatar kula. Wanda ya ƙulla yarjejeniya ranar 29 ga Fabrairu ya rubuta ranar ƙarewa da lambobi, kada ya ce "rana irin ta yau baɗi", domin baɗi babu irinta. Akawu mai lissafi da kwamfuta kuma ya sani cewa manhajar Excel tana ɗaukar 1900 a matsayin kabisa, wanda kuskure ne da aka bari tun da daɗewa, ko da yake bai shafi kwanakin da suka zo bayan Fabrairun waccan shekara ba.

Shekarar Hijiriyya ta ganin wata

Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ne ya tsayar da ƙirga shekaru daga Hijira, wadda ta auku a 622 Miladiyya. Wata yana ɗaukar kimanin kwana 29 da awa 12 da minti 44 daga sabuntawa zuwa sabuntawa, don haka wata goma sha biyu suna ba da kwana 354 da awa 8 da minti 48. Larabawan jahiliyya sukan jinkirta watanni su sauya musu wuri, sai ayoyi na 36 da 37 na Suratut Tauba suka tabbatar da cewa watanni goma sha biyu ne, suka haramta wannan jinkirtawa. Saboda haka shekarar Musulunci ba ta da wata na goma sha uku da zai riƙe ta tare da yanayi, tana zagaya damina da kaka da hunturu da bazara gaba ɗaya cikin kimanin shekara 33.

A tsarin gani babu wanda ke zaunawa ya ƙara kwana. Ranar 29 ga wata ake fita duba, idan an gani gobe ɗaya ga wata, idan ba a gani ba a cika talatin, kamar yadda hadisi ya koyar. Kabisar tana zuwa da kanta: shekarar da watanni masu talatin suka zama bakwai ita ce mai kwana 355. A Nijeriya Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar na Uku ne ke yin sanarwa, bisa rahotannin da kwamitin duban wata ke tattarawa daga masarautu.

Azumin shekarun baya ya nuna yadda kabisar ɓangarorin biyu ke haɗuwa. An ɗauki azumi ranar 23 ga Maris 2023, sannan 11 ga Maris 2024, sannan 1 ga Maris 2025. Ja da baya na farko kwana 12 ne, domin tsakanin azumin biyu kwana 354 ne, ga kuma 29 ga Fabrairu ta 2024 ta shiga tsakani. Na biyu kwana 10 ne, domin tsakanin ya kai kwana 355, Fabrairun 2025 kuma 28 ta yi. Kwana 11 da ake yawan faɗa matsakaici ne kawai, kuma wanda ya ɗauke shi a matsayin doka ya sa ranar biki ko ranar biyan bashi da shi yana iya kuskure da kwana guda ta kowane gefe.

A nan ne tsada take da nauyi. Idan hayar nan ta Naira 600,000 a shekarar Hijiriyya ake biyanta, kwana ɗaya yana kamawa kusan Naira 1,695, ƙarin kimanin kashi 3 cikin 100. A shekara guda bambancin ya kai kusan Naira 18,000, a shekara goma kuwa ɗan haya ya rasa kwana 109, fiye da wata uku da rabi, wanda kuɗinsa ya doshi Naira 179,000. Lamarin kamar na mudu ne da ba a faɗi na wace kasuwa ba, mai awo da mai saye kowa yana da gaskiya a ransa amma hatsin ba ɗaya ba ne. A wajen albashi ribar ta koma wa ma'aikaci: mai karɓar Naira 70,000 duk tsayuwar wata yana samun albashin wata 12 da kusan sulusi a kowace shekarar Miladiyya, ƙarin da ya kai kimanin Naira 25,800. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ko ga gwamnatoci, domin a Oktoba 2016, lokacin da farashin man fetur ya faɗi, Saudiyya ta mayar da biyan albashin ma'aikatanta daga watannin Hijiriyya zuwa na Miladiyya.

Dorewarta da wata cikakkiya ce, ba ta taɓa tara kuskure tun da kowane wata ana sake dubawa. Da yanayi ne ba ta da alaƙa. Sauƙinta ga jama'a ma ba abin rainawa ba ne, domin tsohuwar da ba ta taɓa riƙe kalanda ba ta san watan Cika-ciki da watan Gani da Azumin Tsofaffi, kuma idan aka ce mata bayan Babbar Sallah ba ta buƙatar ƙarin bayani. Rauninta shi ne ba a iya sanin ranar ƙarshe tun da wuri. Wanda ya rubuta "30 ga Sha'aban" yana iya tarar da watan ya tsaya a 29. Akwai kuma maganar farkon yini, wanda a Hijiriyya daga faɗuwar rana yake farawa, a Miladiyya kuma daga sha biyun dare. Kuɗin da aka tura ta waya bayan sallar Isha'i ranar Alhamis, a wurin banki Alhamis ne, a lissafin wata kuwa an riga an shiga daren Juma'a, kuma idan wannan Alhamis ita ce ƙarshen wata to wa'adi ya wuce.

Shekarar Hijiriyya ta jadawali

Domin magance rashin sanin gaba, masana hisabi na Musulmi tun ƙarnonin farko suka tsara jadawalin da ba ya jiran gani. Watanni na mara, wato na ɗaya da na uku da sauransu, suna ɗaukar 30, na cika kuma 29, jimilla 354. Sauran awa 8 da minti 48 idan aka ninka su sau 30 suna ba da awa 264, wato kwana 11 daidai, sai aka raba waɗannan kwanaki a kan shekara 11 cikin kowace 30, ana mayar da Zulhijja 30 maimakon 29. A tsarin da ya fi yaɗuwa shekarun su ne ta 2, 5, 7, 10, 13, 16, 18, 21, 24, 26 da 29, wasu kuma suna sa 15 a madadin 16. Ana raba shekarar da 30 a duba saura: 1445 saurarta 5, kabisa ce, 1446 saurarta 6, basiɗa ce, 1447 saurarta 7, kabisa ce. Lissafi ne mai kyau ƙwarai, wanda ba ya kauce wa matsakaicin tafiyar wata da kwana ɗaya sai bayan kimanin shekara 2,500.

Tsadarta daidai take da ta gani, kuma tana ba da ranar ƙarshe tun farko. Amma haɗarinta ya fi na sauran, kuma shi ne dalilin da ba na ba da shawarar a dogara da ita ita kaɗai. Jadawalin yana ba Ramadan kwana 30 kullum, alhali azumin 2023 da na 2025 kwana 29 aka yi a Nijeriya. Sannan jadawalin ba ɗaya ba ne. Kalandar bango da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa ke rabawa, mai ɗauke da kwanan wata biyu, hasashe take bugawa tun kafin shekara ta kama. Manhajojin waya da yawa suna bin kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, wadda ba ta bin zagayen shekara 30 ɗin nan, lissafin falaki take yi bisa faɗuwar wata da rana a Makka. Shi ya sa irin waɗannan manhajoji suke da wurin ƙara kwana ko ragewa. Mutum biyu a zaure ɗaya suna iya duba wayoyinsu, ɗaya ya ga 14 ga wata ɗaya ya ga 15, sanarwar Sarkin Musulmi kuma ta nuna 13.

Ƙirga damina ko ƙirga kwanaki

Manoma sun daɗe da nasu zaɓi, suna ba da hayar gona da damina, ɗaya ko biyu ko uku. Wannan lissafi rana yake bi ko da ba a ambaci kalanda ba, kuma malaman hisabi suna tafiyar da shi da taurari 28, irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha na damina, kowanne kwana 13 ban da guda mai 14, jimilla 365. Shi ma yana buƙatar kwanan kabisa, kuma watannin Ajam da ke cikin tsofaffin littattafan hisabi suna bin ƙa'idar Juliyas, abin da ya sa suke bayan Miladiyya da kwana 13 a yanzu. Lissafin damina ba ya cin kowa kuɗi, amma ba ya faɗin ranar fita daga gona, ko wanda ke da kara da harawa, ko noman rani yana ciki.

Ƙirga kwanaki zalla, kamar kwana 90 ko 180, ya kuɓuta daga kabisa da ganin wata baki ɗaya. Ya dace da gajeren wa'adi, matuƙar an faɗi ko ranar karɓa tana cikin ƙidaya.

| Zaɓi | Tsawon shekara | Kwanan kabisa | Hayar ₦600,000 a kwana | Sanin ranar ƙarshe | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Miladiyya | 365 ko 366 | 29 ga Fabrairu, sau 97 a shekara 400 | ₦1,644 ko ₦1,639 | Tun farko | Ba ta aiki a ibada |
| Hijiriyya ta gani | galibi 354 ko 355 | Babu tsayayyen wuri | ₦1,695 ko ₦1,690 | Sai an ga wata | Saɓanin kwana ɗaya |
| Hijiriyya ta jadawali | 354 ko 355 | 30 ga Zulhijja, sau 11 a shekara 30 | ₦1,695 ko ₦1,690 | Tun farko | Jadawali sun bambanta |
| Damina ko kwanaki | Gwargwadon sharaɗi | Bai shafi ƙirgar kwanaki ba | Gwargwadon sharaɗi | Kwanaki eh, damina a'a | Rashin fayyace iyaka |

Wane zaɓi ya dace da wa

Ga hayar shago ko gida, musamman mai tsawo, Miladiyya ta fi dacewa, domin ɗan haya da ita yake karɓar albashi ko rufe lissafinsa, kuma ita ce takardun banki za su nuna idan an kai ga shaida. Mai gidan da ya fi son Hijiriyya yana da 'yancinsa, amma adalci shi ne ya faɗa a fili kafin a yi ciniki, domin ɗan hayar ya san kwana 354 yake saye, ya nemi ragin kashi 3 cikin 100 idan ya ga dama.

Makarantar Islamiyya ta duba inda kuɗinta ke fitowa. Idan iyaye suna biya duk tsayuwar wata, a biya malamai haka, lissafi zai tafi daidai. Idan kuwa kuɗin makaranta zango uku na boko yake bi, albashi kuma yana bin wata, to duk kimanin shekara uku za a sami albashin wata guda da babu kuɗinsa a asusu, kuma malamai ne za su ɗauki wannan giɓi.

A abin da ya shafi ibada babu zaɓi. Azumi da layya da takaba ta wata huɗu da kwana goma da cikar shekarar zakka duk ganin wata suke bi, jadawali amfaninsa shiri ne kawai. Ɗan kasuwar da ke fitar da ɗaya bisa arba'in duk Disamba yana jinkirta haƙƙin talakawa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, har ya tsallake zakkar shekara guda cikin 33. Wasu malaman zamani sun ba wanda ba zai iya sauya lokacin rufe littafinsa ba damar fitar da kashi 2.577 cikin 100 maimakon 2.5, wato Naira 257,700 a kan miliyan goma maimakon 250,000, kuma wannan mas'ala ce da ya kamata ya kai wa malaminsa kafin ya yi aiki da ita.

Shekarun haihuwa a takardun hukuma Miladiyya ake rubutawa. Wanda ya cika 18 a Hijiriyya saura masa fiye da wata shida kafin ya isa yankar katin zaɓe, mai 60 a Hijiriyya kuma bai wuce 58 da 'yan watanni ba a lissafin ritaya. Iyaye su rubuta wa jariri kwanan wata biyu tun ranar haihuwa, da lokacin, ko kafin Magariba ne ko bayanta.

Bashin kaya na gajeren lokaci tsakanin 'yan kasuwa ya fi kyau da ƙirgar kwanaki. Hayar gona ta ci gaba da bin damina, amma a haɗa mata ranar fita ta Miladiyya, misali 31 ga Disamba, tare da bayanin kara da harawa da noman rani. Wanda kuma ya ɗaure bashinsa da Sallah ko azumi, saboda a lokacin cinikinsa ke buɗewa, ya rubuta cewa sanarwar Sarkin Musulmi ce abin bi, ya ƙara da adadin kwanakin da aka ba mai biya bayan sanarwar, shaidu biyu su sa hannu a ƙarƙashin wannan sharaɗi.